Hannun da Ke Riƙe da Na'urar Sikanin

Duk matar da ta yi awon ciki a Bauchi cikin 'yan shekarun nan ta san kalmar sikanin. Ungozoma ce za ta rubuta 'yar takarda ta miƙo mata, ta ce, "Hajiya, ki je ki yi sikanin ki kawo mana sakamako." Daga Jahun, daga Yalwa, daga Fadamar Mada, har daga Dass da Alkaleri da Kafin Madaki, mata kan yi sammako su bi layi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko ɗaya daga cikin ɗakunan hoto masu zaman kansu da suka yawaita a gari. Babu allura, babu yanka, babu zafi. A shafa wani mai mai sanyi a ciki, a goga wani ɗan abu, bayan minti goma ko ashirin a ba ki takarda. Wannan sauƙin ne ya sa muke raina aikin. Mu kan yaba wa na'ura, mu ce lallai an iya ƙira, ba ma ko waiwayar wanda ya riƙe ta. Ni kuwa a ganina, cikin duk sana'o'in da ake yi a asibiti, kaɗan ne suka dogara ga hannu da idon mutum ɗaya kamar wannan.

Abin da na'urar ke yi, a taƙaice, saurare ne. Duk wanda ya taɓa ƙwala kira a tsakanin duwatsun Dass ya ji muryarsa ta dawo masa, ya san amsa-kuwwa, kuma ya san cewa idan dutsen yana nesa muryar kan ɗan jima kafin ta dawo. A kan wannan aka gina sikanin. Bambancin yana ga irin sautin. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya. Abin da ya haura haka ya fi ƙarfin kunnenmu, ko da yake ƙananan jemagu da shi suke farauta cikin duhu. Na'urar duba ciki kan aika sautin da ke kaɗawa kamar sau miliyan uku zuwa biyar a sakan. A cikin naman jiki wannan sauti yana gudun mita 1,540 a sakan, wato fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Idan abu yana zurfin santimita goma a cikin jiki, zuwa da dawowar sautin ba ta wuce kashi 130 cikin miliyan na sakan ɗaya ba. Na'ura ta ƙidaya wannan ɗan lokaci, ta ɗiga ɗigo a kan allo daidai zurfin da ya dace, ta sake aikawa, sau dubbai a kowane sakan. Daga waɗannan ɗigogi ne hoto ke haɗuwa yana motsi.

Sirrin kuwa yana cikin kan na'urar, wancan ɗan abin da ake gogawa a fata. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu sheƙi, irin su kwaz, waɗanda idan aka matse su sai su fitar da ɗan lantarki. Ba a jima ba aka tabbatar da kishiyar haka: idan aka sa musu lantarki sai su motsa. Ke nan abu ɗaya zai iya fitar da sauti, ya yi shiru, ya kuma ji dawowarsa. A kan na'urar yau akwai siraran yankuna na irin wannan abu, yawanci na tangaran da aka haɗa a masana'anta, a jere sama da ɗari, kowanne da wayarsa. Mafi yawan lokacinsu a saurare yake tafiya. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci yana lallaɓa kan na'urar nan fiye da komai a ɗakin. Faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya kashe wasu yankunan, sai baƙin layi ya riƙa ratsa kowane hoto.

Wannan ilimi a teku ya girma kafin ya shigo asibiti. Bayan jirgin Titanic ya yi karo da tsaunin ƙanƙara ya nutse a 1912, masana suka shiga neman hanyar gano abin da ke ɓoye a cikin ruwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara matsa lamba, domin jiragen yaƙin Jamus masu nutso sun addabi teku. Paul Langevin, wanda ɗalibin Pierre Curie ne, ya ɗauko kwaz a 1917 ya ƙera abin da ke harba sauti mai kaifi cikin ruwa ya kuma karɓi amsarsa, kuma zuwa 1918 ya jiyo amsa daga jikin jirgi mai nutso. Daga nan fasahar ta bazu: aka auna zurfin teku da ita, aka nemi garken kifi, aka binciki tsagar da ke ɓuya a cikin ƙarfe. Mu ma a nan gida mun ga wani reshenta, domin masu neman mai a Kolmani, can iyakar Alkaleri da jihar Gombe, sai da suka girgiza ƙasa suka saurari amsar duwatsun ƙarƙashi kafin su san inda za su haƙa.

Wanda ya kai fasahar ɗakin masu ciki shi ne Ian Donald, farfesan haihuwa a birnin Gilasgo na Sikotland. A 1955 ya kwashi ƙari iri-iri da aka ciro daga jikin mata, ya kai masana'antar Babcock & Wilcox, inda ake amfani da sauti wajen duba waldar tukwanen ƙarfe. Ya ɗora na'urarsu a kan kowanne, ya ga ƙari mai tauri da ƙari mai ruwa ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Ya haɗa kai da wani matashin injiniya, Tom Brown, da likita John MacVicar. Akwai wata mata da aka riga aka yanke cewa kansar ciki ce da ita wadda ta wuce tiyata. Na'urarsu ta nuna jakar ruwa ce babba a ƙwan mahaifa, aka yi mata aiki aka cire, ta warke. A 1958 suka buga sakamakonsu a mujallar The Lancet. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne cewa hotunan farko ba su da wani fasali da baƙo zai gane. Sai da likita ya yi ta gwada abin da ya gani a allo da abin da ya tarar ranar tiyata, sannan inuwar ta fara ma'ana. Har gobe haka ake koyon aikin.

Mu shiga ɗakin. An rage haske, an ja labule. Matar tana kwance, ma'aikaciya na zaune a damanta, hannun dama riƙe da kan na'ura, na hagu a kan maɓallai, idonta kuwa ba ya barin allo. Man da ta shafa ba don laushi ba ne. Iska ce babbar abokiyar gabar wannan sauti. Ko da 'yar siririya ce ta shiga tsakanin na'ura da fata, kusan dukkan sautin zai koma baya bai shiga jiki ba. Man nan shi ke kore ta. Haka nan umarnin nan da mata ke ƙorafi a kansa, "Baiwar Allah, ki sha ruwa ki riƙe fitsari," yana da dalili. Idan ciki ƙarami ne, mahaifa tana can ƙasa a bayan hanji, hanji kuma cike yake da iska. Cikakkiyar mafitsara ce ke ture hanjin gefe, ta buɗe wa sauti hanya ta cikin ruwa, wanda shi ne abin da ya fi son ratsawa.

A kan allo ruwa baƙi ne ƙirin, ƙashi fari ne fat da doguwar inuwa a bayansa, sauran nama kuma toka-toka ne, wani ya fi wani duhu. Kuma abin da ake gani a kowane lokaci siririn falle ne kawai na jiki, kaurinsa 'yan milimitoci. Ma'aikaciyar kamar mai leƙa ɗaki ne mai duhu da siririn hasken tocila: ba ta taɓa ganin ɗakin gaba ɗaya, sai dai ta haska nan, ta haska can, ta haɗa siffarsa a cikin kanta. Nan gwanintar take. Dubi wuyan hannunta. Ta zame kaɗan zuwa sama, ta karkata, ta juya kan na'urar a hankali, ta ɗan danna, ta saki. Motsin bai kai faɗin yatsa ba, amma hoton ya canza gaba ɗaya. Jaririn kuma ba ya tsaya mata. Yana juyi, yana shura ƙafa, yana sa hannu a fuska daidai lokacin da take son ganin leɓensa. Sai ta ce, "Hajiya, ɗan juya ta hagunki," ta jira, ta sake biyo shi ta wata kusurwa.

Awon kan jariri misali ne mai kyau. Ba ko'ina ake yanke hoton a auna ba. Akwai mataki ɗaya tak da littafi ya yarda da shi, inda ƙoƙon kai ya fito da siffar ƙwai, layin tsakiyar ƙwaƙwalwa ya raba shi biyu daidai, wasu alamomi na ciki suka bayyana, wasu kuma ba su shigo ba. Da ta kama wannan mataki sai ta danna maɓalli hoton ya daskare, ta ɗora alama a wannan gefe da wancan. Haka za ta yi wa kewayen tumbin jariri da tsawon ƙashin cinyarsa. Na'ura ce ke lissafa makonni da nauyi, gaskiya ne, amma da lambobin da aka ba ta take lissafi. Idan hannu ya karkace da 'yan milimitoci, takarda za ta fito tsaf da kwanan wata da komai, kuma kuskure ce.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya fi damuna, wato lokacin da matanmu ke zuwa. A watanni ukun farko, duk 'yan tayi kusan girma ɗaya suke yi, don haka awon tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai yana faɗin kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako ɗaya ba. A watannin ƙarshe kuwa kowane jariri ya kama nasa girman, kuskuren yana iya kaiwa mako uku. Matar da ta fara sikanin a wata takwas, ta ga ranar haihuwar da aka rubuta mata ta wuce, sai ta ce na'ura ƙarya take yi. Ba ta yi ƙarya ba, an dai tambaye ta a makare. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24. A wannan lokaci ne ake tabbatar da kwanaki, a gane tagwaye, a duba ko mabiyiya ɗaya suke ci ko kowa da tasa, a bi gaɓoɓin jariri ɗaya bayan ɗaya, har ɗakuna huɗu na zuciyar da ba ta kai girman kan babban yatsa ba.

Mu kuwa tambayarmu ɗaya ce. Maigida na bakin ƙofa, ma'aikaciya na fitowa zai tare ta: "Likita, mace ce ko namiji?" Ba laifi ba ne a so sani, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa ganin siffar abin da ke ciki bai taɓa ilimin gaibu ba, domin arzikinsa da ajalinsa da makomarsa suna wurin Allah shi kaɗai. Sai dai a cikin duk abin da ta duba, wannan ne mafi ƙarancin amfani ga rayuwar matarsa. Da ya tambaya ina mabiyiya take kwance, da ya yi tambayar da ta fi. Idan ta sauko ta toshe bakin mahaifa, naƙuda a gida tana iya zama zubar jinin da ba a kai wa asibiti. Gwanar ma'aikaciya ta san cewa mabiyiyar da aka gani a ƙasa a wata na biyar sau da yawa takan yi sama yayin da mahaifa ke buɗewa, don haka ba za ta tayar wa mace da hankali ba. Za ta rubuta a dawo wajen mako na 32 a sake dubawa. Idan har lokacin tana nan, sai a shirya tiyata da jini tun kafin ranar. Haka idan jariri ya gicciye ko ya zauna. Doguwar naƙudar da ke kai mata cibiyar yoyon fitsari ta Ningi, wani ɓangarenta ana iya hango shi makonni kafin ta zo. A ƙasarmu, wadda bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duniya, wannan hange ba ƙaramin abu ba ne.

Hoton kuma yana da tarkuna. Sauti kan yi tsalle tsakanin fuskoki biyu ya zana abin da babu shi. Kusa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, yakan kwafi hanta ya ajiye irinta a ɗaya gefen. Mace na iya zuwa da ɓatan wata da ciwon mara, a ga 'yar jakar ruwa a cikin mahaifa, sabon hannu ya rubuta ƙaramin ciki ya sallame ta. Wanda ya goge ba zai yarda ba sai ya ga alamar ɗan tayi a cikin jakar. Idan bai gani ba zai bi gefen mahaifa yana lalube, domin ya san cikin na iya kasancewa a bututun ƙwai, yana dab da fashewa. Ko a ɗauki maɗaciya. An ga wani farin abu a cikinta: tsakuwa ce ko tsiro? Sai ma'aikaci ya ce, "Baba, juya ka kwanta ta gefe." Tsakuwa za ta gangara ta bi nauyinta, da inuwarta a baya. Tsiro yana manne da bango, ba ya zuwa ko'ina. Babu maɓallin da ke yin wannan dabara.

Ba masu ciki kaɗai ke cin moriyar aikin ba. Da shi ake duba hantar masu ciwon hanta, da ƙodar da ta kumbura, da mafitsarar yaron da tsargiya ta kama, da zuciya, da maƙoƙo. Wanda aka kwaso daga haɗarin mota a hanyar Jos ko ta Kano, cikinsa na iya cika da jini ba tare da rauni ko ɗaya a waje ba. Cikin 'yan mintoci likita zai ɗora na'ura a ƙasan haƙarƙarin dama, ya nemi baƙin zare tsakanin hanta da ƙoda. Idan ya gan shi, sau da yawa ɗakin tiyata za a nufa kai tsaye.

Akwai wani aikin da ya kamata kowane ɗan Arewa ya san da shi, domin a ƙasarmu aka yi binciken. Tun 1842 Christian Doppler ya bayyana ƙa'idar da ke nuna cewa sautin da ya fito daga abin da ke tahowa yakan ƙara kaifi, na abin da ke tafiya kuma ya ƙara kauri. Da wannan ƙa'ida na'ura ke auna gudun jini a cikin jijiya. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashi yana da ɗan sirantaka da sauti ke iya ratsawa. Idan aka auna yaro mai sikila ta nan aka ga jinin ƙwaƙwalwarsa yana gudun santimita 200 ko fiye a sakan, alama ce jijiyar ta tsuke, kuma yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin ɗari. To amma ina iyayen da za su iya ƙarin jini kowane wata, a ƙasar da ake haifar yara masu sikila kusan 150,000 a shekara? Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala Muhammad a Kano da na Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka auna yara da wannan na'ura, suka ɗora waɗanda ke cikin haɗari a kan ƙwayar hydroxyurea. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka samu shanyewa, kuma ƙaramin kashi na maganin ya ba da kariya kamar matsakaicinsa. Dukkan wannan ya rataya ne a kan mutumin da zai iya riƙe kan na'ura a gefen kan yaro ɗan shekara biyar mai wutsil-wutsil, ya lalubo jijiyar da ba ta wuce 'yan milimitoci ba, ya kama ta a kusurwar da ta dace. Ina fata a wayi gari kowane asibitin da ke kula da masu sikila a jihar Bauchi yana da irin wannan mutum.

Irin wannan hannu ba ya samuwa a mako biyu. Likitan hoto sai ya gama karatun likita sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa. Ma'aikacin hoto yana yin digiri na shekara biyar, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri, kuma tun 1987 akwai hukumar tarayya da ke yi musu rajista. Bayan takarda kuma sai zama kusa da na gaba, ana dubawa ana gyara masa riƙo, har idonsa ya saba da lafiyayyen jiki ta yadda marar lafiya zai yi masa tsalle. Suna biyan farashi da jikinsu. Ciwon kafaɗa da wuyan hannu sananne ne a cikin masu wannan aiki. Ga layi har waje, ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar awo, ga zafin watan Afrilu. Sannan ga nauyin da babu makarantar da ke koyar da shi sosai: ma'aikaciyar ce mutum ta farko da ke ganin zuciyar da ta daina bugawa, uwar kuma tana kallon fuskarta tana jiran magana.

Na'urori sun yi araha, har akwai waɗanda ake jonawa da wayar hannu. Alheri ne, domin wata rana za su kai asibitin ƙauyen da bai taɓa ganinsu ba. Amma araha ta buɗe ƙofa ga wanda ya sayi na'ura bai sayi ilimi ba, kuma takardarsa da ta gwani kama ɗaya suke a idon mai karɓa. Don haka, 'yar'uwa, ki je sikanin tun ciki bai kai wata shida ba, kada ki jira sai ya tsufa. Babu hasken da ke cutarwa a cikinsa irin na hoton ƙashi, sauti ne kawai. Kai kuma maigida, ka biya kuɗin, ka raka ta, ka tambayi wanda zai duba ta a ina ya yi karatu, sannan ku mayar da sakamakon ga likita ko ungozomar da ta aiko ku.